Rigar da Muka Zura wa Abokina Bafalasɗine

Shekarun baya can, lokacin ina aiki a wani shagon kayan abinci a unguwar Stapleton a Amurka, na yi aboki Bafalasɗine. Shagon da yake tsaro yana jikin namu, ranar Juma'a kuma tare muke tafiya masallaci. A wani sansanin 'yan gudun hijira a Lebanon aka haife shi, mahaifiyarsa da ƙaninsa suna can har lokacin. Mutum ne da ba ya iya zama wuri guda. Ko a feri muke, wato jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane, kowa ya samu kujera, shi yana ta kai da komo da waya a kunne, har ni ma zaman ya gagare ni.

Ƙanin nan ne ya hana shi sakat. Abokina ya ce a sansaninsu akwai kwamitin da ke kula da ruwa da wuta, shi ke magana da hukuma a madadin mutane, amma ba wanda ya taɓa zaɓensa. Ƙungiyoyin siyasa ne ke raba kujerun a tsakaninsu. To ƙanin da wasu samari sun tashi haiƙan suna bi gida-gida, wai a bar jama'a su jefa ƙuri'a. Manya kuma sun sa masa ido, jira kawai suke su samu hujjar cewa daga waje ake zuga shi.

Duk na san wannan. Amma ni da shegen son taro, da walimar bayan Sallah ta ƙungiyarmu ta Hausawan zango ta zo, sai na ja shi, na ce ya zo ya ci tuwo ya huta da wayar nan.

Kun dai san mu mutanen zango, ba ma iya zama da mutum ba mu laƙa masa sarauta ba. Muna da Sarkin Tasi, muna da Magajiyar Masu Kitso, ni kaina Sarkin Hira ake ce min, kuma ban taɓa musu ba. Mai sanarwarmu wani dattijo ne ɗan Kumasi mai zaƙin baki. Yana jin daga inda baƙon ya fito sai ya gyara murya, ya ce yau Allah ya kawo mana Wakilin Falasɗinawan Sansani a Amurka. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Turanci. Kafin ka ce kwabo an zura wa abokina babbar riga, an kafa masa hula, mata na ta guɗa. Shi kuma yana girgiza kai yana dariyar yaƙe. A wajenmu karrama baƙo ne kawai. Wayoyi kuwa duk sun tashi sama ana ɗauka.

Ban san hanyar da bidiyon ya bi ba, amma ya isa sansanin. Wata safiya ina buɗe shago abokina ya faɗo, fuska ba annuri. An kira ƙaninsa ofishin kwamiti, an nuna masa bidiyon, an ce ga shaida: yayansa ya naɗa kansa wakili a Amurka, ashe daga can maganar zaɓe ta taso. An ce ya dawo washegari. Kuma a can, in ji shi, wanda aka kira sau biyu ba kullum yake kwana a gida ba.

Na fara cewa ai wasa ne, kowa ya san wasa ne. Ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, ku kuna da ƙasa, shi ya sa kuke wasa da shi. Mu a kan wa zai yi magana da sunanmu ake rasa rai."

Na bar shago na garzaya unguwar Tompkinsville wajen dattijon. Bawan Allah ya yi salati, ya ce to a tara jama'a a tuɓe abokina daga sarautar a bainar kowa, shi zai sanar da bakinsa. Da na kawo wa abokina shawarar, ya ce don girman Allah kada mu sake tara masa kowa.

Shi ya yanke abin da za a yi. Muka shiga bayan shagonsa, cikin kwalayen kaya, na riƙe waya ina ɗaukar bidiyo. Ya yi magana da Larabci, daga baya ya fassara min. Cewa ya yi shi mai tsaron shago ne, ba wanda ya zaɓe shi, don haka ba shi da ikon magana da yawun kowa, shi ba kowa ba ne. Ya tura wa mahaifiyarsa.

Daga nan sai jira. Zama ya gagare mu, muka hau feri zuwa Manhattan ba tare da muna da abin yi a can ba, muka juyo, muka sake komawa. Yanzu ni ne ke bin sa a baya muna kai da komo, duk wayar da ta yi ƙara a cikin jirgin sai na waiga.

Washegari labari ya zo. Tsohuwar ba ta bar ƙanin ya tafi shi kaɗai ba. Ta dogara sandarta har ofishin, ta kunna musu sabon bidiyon suka kalla, sannan ta ce, "Ɗana ya faɗi gaskiyarsa, ba wanda ya zaɓe shi. To ku fa?"

Ƙarshe dai 'yan kwamitin suka ja wa ƙanin kunne suka sallame shi.

Zaɓen dai har na bar unguwar ba a yi ba. Ƙanin yana nan lafiya, ya yi aure har da 'ya'ya. Mu ma ba mu fasa rabon sarauta ba, sai dai ni idan aka fara hannuna ba ya saurin tafi kamar da. Har yau abin yana min ciwo. Sai da mutum mai mutunci ya tsaya cikin kwalaye ya shaida wa duniya shi ba kowa ba ne, sannan ƙaninsa ya samu kwana a gida.