Ruwan Wankin Mas'ud Mai Feshi

Mijin yayata, Mas'ud, mutum ne mai tsananin kiyayewa, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da sakarai ne, da tuni na zazzage masa abin da ke cikina na huta.

A ƙauyenmu, kusa da Tudun Wada, ba wanda bai san Mas'ud mai feshi ba. Da fartanya ya tashi kamar kowa. Sai damina ta sauya mana hali: ruwa ya ƙi zuwa har a fid da rai, sannan ya zubo a haɗe, ciyawa ta riga shuka tashi, tsutsa ta shige cikin masara tana ci. Noman hannu ya kasa. Mas'ud ya sayo tankin feshi na goyo a Kwanar Dangora, daga nan duk mai gona sai ya neme shi.

Yana da ƙa'idojinsa. Kwalbar magani ba ta shiga gidansa, a reshen ɗorawa yake rataye ta a bakin gona. Ba wanda ya isa ya taɓa masa tanki. In ya tashi daga aiki sai ya biya ruga ya shanye ƙwaryar nono, domin masu feshi duk sun yarda nono na kashe dafin. Har tsokanarsa nake yi, in ce shanun Fulani shi suke yi wa aiki.

Amma murfin tankin yana yoyo. Kullum rigarsa jiƙe take sharkaf a baya, tana wani wari mai hawa kai. Yaya Zulaihat ce ke wanke ta, da hannunta, a baho. Ba ta yarda mijinta ya yi wanki tana raye ba, abin kunya ne a wurinta. Kuma tun da rijiyoyinmu suka fara ƙafewa da bazara, mace mai hankali ba ta zubar da ruwan wanki a banza. A gindin zogalen tsakar gida take kwarara shi. Zogalen nan ya yi kyau har maƙwabta na aiko a tsinkar musu. Ita kuwa kusan kullum sai ta yi kwaɗonsa. Shi ba ya ci, wai abincin awaki ne.

Shekara goma sha biyu ana haka. Tafin hannunta ya fara tsattsagewa, muka ce sabulu ne. Ta riƙa ramewa, muka ce aiki ne. Da ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, muka kai ta asibiti a Kano, aka ce ƙoda ce.

Ina tsaye likitar ta tambayi Mas'ud ko matarsa na aiki da maganin gona.

"A'a, likita. Ni ne mai feshin, ko kwalbar ba ta taɓa gani ba. Ga ni kuma garau."

"Wa ke wanke kayan aikinka?"

 Ya dubi hannuwan Yaya da ke kan zani. Likitar ta ce ba za ta rantse maganin ne ba, zafin da ake yi yanzu da ƙarancin shan ruwa su ma suna kashe ƙoda. Da ma ta rantse, ko ta nan ko ta can. Yaya ta rasu bayan an cire masara, ranar wata Laraba.

Mas'ud ya sare zogalen a ranar sadakar uku. Feshi kam bai bari ba, ga 'ya'ya huɗu, ga tsutsa ba ta fasa zuwa ba. Sai dai ya daina surutu, kuma shi yake wankinsa.

Watan jiya na kai wa yaran tuwo da rana, na zagaya bayan ɗaki neman muciya. Na tarar da jarkoki jere a jikin katanga, goma sha ɗaya, kowacce a toshe an ɗaure bakinta da leda. Na ɗauka kalanzir ne. Ina kai hannu Mas'ud ya riƙe ni.

"Muhsina, kar ki taɓa. Ruwan wankina ne."

"Haba Yaya Mas'ud, tara shi kake yi? Ka zubar mana."

"Na kai rafi, na ga mata na ɗiba a ƙasa. Na kai fako, na ga awaki. Na haƙa rami, sai na tuna rijiyar masallaci na kusa." Ya ɗauki jarka ɗaya. "Ke kin yi boko. Faɗa mini inda ba kowa, in kai."

Na zo gidan nan da fushin shekara guda a cikina. Na tsaya ina lissafa gonaki da rafuka da dazukan da na sani, tun daga Kiru har Doguwa, shi kuma yana jirana da jarka a hannu. Ban samo masa wuri ba.