Yadda Barkono Ya Kawo Mana 'Ya

Shekarun baya, lokacin da korona ta kulle kowa a gida, muna zaune ni da matata a hawa na goma sha biyu na wani bene a unguwar Taman Melati da ke Kuala Lumpur. Ina karatun digiri na uku a fannin injiniya, wanda a lokacin ya koma zaman gaban kwamfuta da gajeren wando. Shekararmu goma sha ɗaya da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Mun yi asibiti a gida, mun yi a nan Kuala Lumpur, mun sha jiƙe-jiƙen da mahaifiyata ke aikowa har na fi gane saiwoyi a kan darussana.

Wata safiya yayata ta kira daga Najeriya. Ma'aikaciyar jinya ce, takan leƙa wani gidan marayu a garinmu. Ta ce an kawo jaririya 'yar wata huɗu, ba uwa ba uba, ba wanda ya biyo sawu. Ta turo hoto. Matata ta karɓi wayar ta kalli hoton, sannan ta ce, "Malam, wannan tamu ce."

Na ce in Allah ya yarda. Sai da muka bincika muka gane "tamu ce" ɗin nan tana da tsada: lauya, takardun riƙo na kotu, fasfo, tikitin jirgi, ga otal ɗin killacewa da duk mai shigowa ƙasar zai biya daga aljihunsa. Tallafin karatuna kuwa da ƙyar yake kai mu ƙarshen wata.

Matata ta ce za ta riƙa yin masa da dambun nama tana sayar wa ɗalibai 'yan'uwanmu na Danau Kota da Bukit Jalil, tunda kowa ya gaji da taliyar leda. Ni da ban taɓa dafa komai ba sai shayi, na naɗa kaina manaja. Shawarata ta farko ita ce kilishi. Na shanya nama a baranda, na manta garin nan kullum da yamma sai an yi ruwa. Kwana uku naman ya fito da koren gashi. Matata ta leƙa ta ce, "Malam, kalli can. Hankaka ya sauka, ya duba, ya tashi." Aka sauke ni daga manaja, aka mayar da ni sashen yaji.

Ranar da abin ya faru, za ta sauka ƙasa ta miƙa wa mai babur kulolin masa. Ta ce in gasa busasshen barkono kaɗan-kaɗan, wuta ƙasa-ƙasa, kafin ta dawo ta niƙa. Tana fita injiniyancina ya motsa. Na ce in an ƙara wuta ai lokaci zai ragu. Na juye leda guda a kasko, na ƙure wutar.

Ban san hayaƙi na iya shaƙe mutum haka ba. Ido ya rufe, numfashi ya tsaya. Cikin ruɗewa, maimakon in buɗe taga, sai na wangale ƙofar gida, iska ta kwashi hayaƙin ta bi da shi layin ɗakuna.

Na fara jin tari daga ƙofa ta kusa. Sai ta gaba. Kafin minti biyar hawan gaba ɗaya ya ɗauka, manya da yara. Ku tuna zamanin da tari ɗaya ke watsa mutanen cikin lif ne. A zauren wayar mazauna benen har wani ya rubuta cewa hawa na goma sha biyu ya kamu, kowa ya kulle ƙofarsa. Mai gadi ya hawo da takunkumi biyu a fuska, ya tsaya can nesa yana ɗaga min hannu kamar mai tsayar da mota.

Wadda ta tunkare ni ita ce maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar ƙasa, jinin Caina, tsohuwar malamar makaranta da kowa ke ce wa Anti. Shekara biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta toshe hanci da tawul ta ce, "Korona ta ƙyale ni, kai ne za ka kashe ni, lah? Me ɗalibi yake yi da barkonon da zai ishi kanti guda?"

Ban taɓa faɗa wa kowa a benen maganar rashin haihuwarmu ba. Amma hawaye na riga na zuba saboda barkono, sai abin ya zo min da sauƙi. Na faɗa mata komai, ina tari ina jan majina. Matata ta hawo ta same mu a haka, ta harare ni hararar da har yau ina tunawa, sannan ta nuna wa Anti hoton.

Anti ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Ni ma ba wadda ta haife ni ce ta raine ni ba." Ta nemi a ɗanɗana mata yajin da matata ta yi da hannunta, ta lasa, ta yi atishawa uku, ta ce, "Tapau, zuba min kwalba biyu in tafi da su. Amma wannan mutumin kada ya sake kusantar murhu."

Da yamma ta rubuta a zauren cewa ba cuta ba ce, wani mutum ne ke ƙoƙarin zama uba, kuma duk wanda ya yi tari yau dole ya sayi kwalba. Suka saya kuwa. Wani abokina ɗan Filato ya sanar a taron cocinsu na intanet, oda ta riƙa zuwa har daga mutanen da ba su san mene ne dambu ba. Aikina ya koma wanke kwalabe da liƙa takarda, kuma na ƙware.

Bayan wata takwas matata ta tafi gida. Zirga-zirgar kotu da takardu ta ci kusan shekara. Kullum muna kiran bidiyo, a nan yarinyar ta koyi tsayuwa, ta koyi tafiya, ta koyi cewa "Baba" tana dangwala min yatsa a fuska ta gilashin waya.

Ranar da suka fito daga killacewa suka iso gida, na durƙusa na buɗe hannu. Ta kalle ni ta tsala ihu, ta ɓuya bayan zanin uwarta. Ita Babanta ɗan ƙarami ne, a cikin waya yake. Wannan ƙaton ba ta san shi ba. Kwana uku sai dai in shiga kicin in rufe ƙofa in kira bidiyo, ita tana falo tana min dariya. A rana ta huɗu ta biyo muryata riƙe da wayar, ta turo ƙofar. Ta kalli waya, ta kalle ni, ta sake kallon waya. Sai ta saki wayar a ƙasa, gilashin ya tsage, ta miƙo min hannu.

Yanzu tana makaranta. Ina yi mata Hausa tana amsa min da "Boleh, Baba," wato "to, Baba" a yaren ƙasar nan. Na daɗe ina ɓoye damuwarmu kamar abin kunya, ashe mutanen da za su taya mu ɗauka suna bayan bango ɗaya da mu. Wayar nan kuwa tana cikin akwatina. An sha ce min in kai a canja gilashin, ban kai ba.