Ƙasusuwan da Aka Ƙone a Shagon Baba Sule

Ina cikin aji ranar Talata da hantsi wayata ta yi ƙara. Inna Hajo ce, matar Baba Sule, kuma tun kafin ta yi magana na jiyo kukan mata a bayanta. "Malam Bala, babanka ya cika," ta ce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye alli na tare ɗan acaba, da azahar muka kai shi makwancinsa.

Na so in yi shiru in bar addu'a ta wadatar. Abin da ya faru bayan sadakar uku ne ya hana ni, kuma ba zan ɓoye ba, da fushi nake wannan rubutu.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Sule kafinta ne a nan Kontagora. Ƙofa da benci ke ciyar da shi, amma ransa yana wajen gurmi da garaya da jita. Ba shi ya haife ni ba. Shi ya koya mini kiɗa, shi ya sa nake kiransa Baba.

Wata biyu da suka wuce na sayo sabuwar jita, na kai masa ina ta washe baki. Ya kaɗa tsirkiya ɗaya, ya karkata kai ya saurara. "Katakon na kirki ne," ya ce, "amma an toshe mata baki da roba." Ya nuna mini jaki, wato siririn farin abin nan da tsirkiyoyi ke hawa a kai, da ƙusoshi shida da ke riƙe su. Duk roba ce. Ya ce in bar masa, zai canza su da ƙashi.

Da ƙafarsa ya je wajen mahauta ya zaɓo ƙashin ƙwaurin bijimi. Ya dafa shi da kanwa har maiƙon ya fita, ya shanya a inuwa sati uku, don a cewarsa rana tana tsaga ƙashi. Sannan ya zauna da zarto da magagari. Kowace ƙusa daidai raminta yake sassaƙa ta, ya ja mata zane a gindi don kada su cakuɗe: ta farko zane ɗaya, ta biyu zane biyu, haka har shida. Ni kuwa na addabe shi da "Baba, wai sai yaushe?" Ko ɗago kai ba ya yi. "Malam, ƙashin nan bai san kana sauri ba."

Ranar Asabar ta ƙarshe ya ɗora jakin ya sa ƙusoshi biyar. Da ya kaɗa, sai sautin ya fito kamar an buɗe tagar ɗakin da ya daɗe a rufe. Ta shidan ba ta zauna masa ba, ya mayar da ta roba, ya jefa tasa cikin gwangwanin da yake tara ƙasusuwa. Ya miƙo mini jitar. "Laraba ka dawo da ita," ya ce.

Wannan gwangwanin ƙaninsa Alhaji Isa ya tarar da ya je kwashe shagon. Ya ga busassun ƙasusuwa masu zane-zane, sai ya yanke hukunci cewa kayan tsafi ne. Bai tambayi Inna Hajo ba, bai tambaye ni ba. Ya zuba kananzir ya ƙyasta ashana a gaban mutane. Yanzu zancen ya zaga unguwa. Mutanen da ke zaune a kan bencin da Baba ya ƙera su ne ke sunkuyar da kai suna cewa, "Ashe dai abin da yake yi ke nan." Inna Hajo tana cikin takaba, ba halin fita ta kare mijinta, mata suna shigowa gaisuwa suna leƙen lungunan ɗakinta.

Na ɗauki jitar na je wajen zaman makoki. Na zare ƙusa ɗaya na miƙa wa Alhaji Isa. "Alhaji, don Allah dubi wannan. Zane uku, tsirkiya ta uku. Ga tsafin naku."

"Kai Malam, ka fitar mana da kayan kiɗa daga gidan mutuwa," ya ce. Ko kallonta bai yi ba.

To, na fitar. Amma ina shaidawa a nan: mutumin da kuka shafa wa baƙin fenti, in aka kira salla ajiye magagari yake yi ko da saura kiris ya gama. Kun ji kunyar sana'arsa yana raye, shi ya sa ba ku taɓa leƙa shagonsa kun ga aikinsa ba. Jahilcin naku ne, ku daina ɗora wa mamaci. Duk mai shakka ya zo gidana, zan zare masa ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya ya ƙirga.

Allah Ya jiƙan Baba Sule, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Inna Hajo da 'ya'yanta haƙuri, Ya tsare su daga bakin mutane. Ni kuma Ya sanyaya mini zuciya, don har yanzu ban iya yafewa ba. Ƙusa ta shida tana nan ta roba, kuma ba wanda zai canza mini ita.