Ƙafar Hagu ta Amalanke

A gidanmu na Badarawa akwai risho, amma Kaka, mahaifiyar babanmu, ba ta taɓa yarda da shi ba. Murhunta na duwatsu uku yana bayan ɗakinta, nan muke taruwa da damina bayan magariba, tana gasa mana masara tana ba mu tatsuniya. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take ce mini Takwara. Ni ce kuma mai ɗauko mata kujera, domin tana ɗingishi da ƙafar hagu, tsayuwa na ba ta wuya. Ba mu taɓa tambayar abin da ya sami ƙafar ba. A wurinmu haka Allah ya yi Kaka.

Tatsuniyoyinta yawanci na dariya ne, amma akwai wata guda da ba waƙa a ciki, ba abin dariya, kuma duk damina sai ta maimaita mana ita. Takan gyara itace ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matso." Mu ce, "Ta iso, muna ji."

Wai wani manomi ne yake da amalanken shanu. Hanyar ƙauyensu duk kwazazzabai, cikin amalanken kullum yana gogar ƙasa. Sai ya kwance ƙafafun, ya samo katako ya ƙara masa tsayi, ya mayar da su. Amalanke ya tashi sama ya yi kyau, mutanen gari suna ta zuwa kallo, shi kuwa baki har kunne. Abin da bai duba ba shi ne ƙafar hagu ba ta koma daidai ba, kanta ya karkata waje. Matarsa ce ta lura. Tana shara da safe ta ga sawun dama a shimfiɗe, na hagu kuwa siriri, alamar gefe ɗaya kaɗai ke cin ƙasa.

"Sai ta gaya masa?" in ji mu.

"Ina! Ko shekara ba ta yi a gidan ba, ko sunansa ba ta iya faɗa. Ita ce za ta ce masa aikinsa bai yi ba? Tsintsiya ta sa ta share sawun, ta ja bakinta ta yi shiru."

Ranar kasuwa aka loda buhunan dawa, matar ta hau sama. Suna isa gangare ƙafar ta ɓalle, amalanke ya kife, buhu ya danne ta.

"Ta mutu?"

"Ba ta mutu ba. Ta dai ji jiki. Nan tatsuniyar ta tsaya, a juya masarar nan kada ta ƙone."

Tatsuniyar nan haushi take ba ni. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Kaka, matar nan wawuya ce." Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Wawuya ce kam, Takwara," ta zaɓi masarar da ta fi gasuwa ta miƙo mini.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Yanzu a Mando nake da maigidana da yara uku. Bara ramukan layinmu suka ishe shi, ya kai motarmu aka sa mata sababbin shakazoba da sifirin masu tsayi, wato ƙarafan da ke ɗauke da jikin mota a kan tayoyi. Motar ta tashi sama, in ya faka ta sai ya waiwayo ya sake kallonta. Ni nake tuƙa ta zuwa ofis a Doka, kuma tun makon farko na ji sitiyari yana ja na zuwa hagu. Wata uku ina riƙe shi da ƙarfi, ban ce uffan ba. Da karatuna, da ofishina, amma nauyin ɓata masa farin cikinsa ya hana ni magana.

Ana gobe za mu tafi Zariya da yaran, na sunkuya na shafa tayar gaba ta hagu. Gefen waje ya suɗe sumul, na ciki kamar sabo. Na sami maigidana yana karyawa na ce, "Abban Amira, ba za mu hau hanya da yaran nan ba sai an duba ƙafafun motar nan."

Ya ɓata rai, ya ce motar da aka gyara kwanan nan? Na ce na ji, amma a duba. Tare muka je gareji, ko kallona ba ya yi. Bakaniken ya ɗora ta a kan na'ura, ya duba, ya girgiza kai.

"Alhaji, duk motar da aka ɗaga sai an sake mata alaimen, a daidaita tsayuwar ƙafafunta. Saitin ƙafar hagu ya tafi, ka ga kan tayar ya karkata waje. Ga wayar cikin tayar nan har ta fara leƙowa. Wannan a kan gudu ai sai addu'a."

Ya sassauta notuna, ya riƙa matsar da ƙafar kaɗan-kaɗan yana kallon allon na'urar har ta tsaya cak, ya daidaita sitiyari, aka canza taya. Maigidana ya fita ya sayo ruwan sanyi ya miƙo mini.

Ina zaune a kan benci, maganar ƙafar hagun nan ta tsaya mini a rai. Na kira Goggo, ƙanwar babanmu, na tambaye ta abin da ban tambaya ba ina yarinya: me ya sami ƙafar Kaka?

"Amalanke ne ya kife da ita tana sabon aure," in ji Goggo. "Ashe ba ta taɓa gaya muku ba?"

Ta gaya mana, duk damina. Na kira ta wawuya a gaban idonta, ta amsa, ta ba ni masara.