Injin Waldar Baffa da Iskar Rana

Babanmu mai gyaran rediyo ne, kuma in ka tambaye shi, tun da aka haife shi bai taɓa yin kuskure ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, teburi cike da matattun rediyoyi, ga warin dalma da ƙonanniyar waya. Jikin bangon shagon kuwa rumfar ƙanensa ce, Baffa, mai walda.

Gyaran rediyon gajeren zango shi ne abincin Baba. Sai ya gyara rediyo tsaf, tashoshin nesa na fita tangaran, mai ita ya zo karɓa, a kunna a ji shuuu kamar ana suya. Bayan kwana biyu ko uku ta dawo daidai da kanta. Mutane suka fara cewa hannunsa ya lalace. Baba ya ce injin Baffa ne, kuma da ɗan ƙamshin gaskiya, don walda takan sa rediyo ƙaraf-ƙaraf. Ya riƙa zagaye ranakun da jan biro a kalanda, wai hujja yake tarawa. Ran nan ya tara 'yan layin, ya ce ƙanensa na kashe masa sana'a da gangan. Baffa ya kwashe ƙarafunansa ya koma bayan tasha. Shuuu ɗin bai daina ba. Baba ya ce ta wayar wuta yake biyo shi. Shekara goma sha ɗaya ko gaisuwa babu.

Ina aji uku a jami'a malaminmu ya yi darasin rana. Ya ce ba haske kaɗai take aiko mana ba, akwai iska mai zafi da ke kwararowa daga jikinta ba dare ba rana. Wadda ke fita ta gefen baƙaƙen tabon da ke jikin ranar a hankali take tafiya, kwana huɗu kafin ta iso. Idan wata mai sauri ta biyo baya ta taras da ita suka gwabza, sai su hargitsa can saman sama inda muryar gajeren zango ke buguwa ta dawo ƙasa. Kuma tunda rana na juyawa, abin kan maimaitu kusan duk kwana ashirin da bakwai.

Nan take na tuna jajayen zagayen nan. Ran Asabar na tafi gida na zaro kwalin kalandun Baba daga ƙarƙashin teburin shago, na ƙirga tazarar kwanakin da ke tsakanin zagayen. Ashirin da bakwai, ashirin da bakwai, ashirin da takwas. Na gwada da jerin ranakun hargitsin da na karɓo wajen malamin, yawancinsu suka hau. Na kira Baba na yi masa bayani.

Baba ya ƙirga da yatsansa har sau uku, sannan ya cire tabarau.

"Rana? Wannan da uwarki ke shanya a cikinta?"

"Ita fa, Baba."

Ya zauna a kan wata tsohuwar lasifika, bakinsa a buɗe. Can ya ce, "Ɗauko min takalmina."

Mun sami Baffa a tsugune yana haɗa ƙafar gado, furfura ta cinye kansa. Ya kashe injin, ya ba yayansa benci. Baba ya shimfiɗa kalandun, ya yi bayanin iskar rana tiryan-tiryan, sai ka ce shi ya gano ta. Da ƙyar ya kai ga, "Ashe ba kai ba ne. Ka yafe mini."

Baffa ya bi jajayen zagayen da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Na ji, Yaya. Rediyo rana ce ta ɓata maka." Ya goge hannunsa da tsumma. "Ranar da aka binne matata fa, na yi ta duba ƙofa ba ka shigo ba. Ita ma rana ce?"