An Ƙirga Yatsan Kawu

Ku daina ce min "ai an yi zaɓe, kowa ya ji". Wane kowa? Kawuna bai ji ba. Rabonsa da jin sauti tun wani zazzaɓi da ya yi yana ɗan shekara shida.

Shekararsa goma sha tara yana gyaran takalmi a ƙarƙashin matakalar ginin shagunanmu. Benci ɗaya, basilla, gwangwanin gam, sai tsohon madubin mota da ya kafa don ya hango mai zuwa ta bayansa. Duk wanda takalminsa ya tsinke a ginin nan, Kawu ne ya rufa masa asiri.

Makon jiya shugaban 'yan shaguna ya turo saƙon murya a guruf ɗinmu na waya, minti shida cur: za a ajiye babban janareto daidai inda bencin Kawu yake, wanda ya yarda ya danna alamar babban yatsa. Shi kuwa Kawu duk saƙon da ya shigo, babban yatsa yake danna masa, don kar a ce ya share mutane. Da hannunsa ya zaɓi a tashe shi.

Bai gane ba sai da aka zo auna wurin. Ya shigo shagona yana tambayata da hannu, na ja shi muka haura wurin shugaba.

"Ranka ya daɗe, kun fa san ba ya ji."

"To 'yata, ga yatsansa nan. Ni na danna masa?"

Wani mai sayar da waya da ke wurin ya sa baki: "Ya matsa gefe mana. Ai shi ƙarar ba za ta dame shi ba."

"Hayaƙin fa?" na ce. "Ko huhun ma kurma ne?"

Aka kwashe da dariya. Kawu ya ga haƙora a waje, shi ma ya yi murmushi. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Mu arba'in da ɗaya ne a guruf. Mutum ɗaya tak za a tasa, kuma shi kaɗai ne ba a tambaya ba. Na san muna buƙatar wuta, ni ma injin ɗinkina na jira. Amma a faɗa masa ta yadda zai gane, ya ce eh ko a'a da saninsa.

Da ƙyar shugaba ya yarda a sake zaɓen ranar Asabar. 'Yan gininmu, ina ganin kuna karantawa kuna wucewa. Kafin Asabar kowa ya fito ya faɗi inda ya tsaya. Kuma a rubuce. Kar wanda ya turo saƙon murya.