Gwangwanin Kaka a Shingen Hanyar Maradun

Tun da aka tsayar da motarmu a shingen da ke kan hanyar Maradun, wani saurayi mai gora cikin 'yan sa-kai masu tsaron wurin yake ta zolayar fasinja yana buɗe kaya, har ya ce wa wata tsohuwa 'yar Bakura da ke gefena ta sam masa daddawar da ke ƙullinta. Da ya zo kan jakata, ya ɗaga zanen da na yi naɗi da shi, sai bakinsa ya mutu. Ya ja da baya a hankali, idonsa a kan jakar, ya yafito 'yan uwansa.

Abin da ya gani babban gwangwanin madara ne mai hudajjen murfi, da maɓalli a gefe, da ɗan ƙwan fitila ja, ga wayoyi biyu, ja da baƙa, sun leƙo ta ƙasa. Ni da na haɗa shi da hannuna ban taɓa kallonsa da idon baƙo ba sai a lokacin. Da na kalla, ni ma sai na ga ya yi kama da bam.

Amfilifaya ce, abin ƙara sauti. Yayana mai gyaran rediyo ne a Talata Mafara, kuma tun da na gama sakandare nake zama kusa da shi in ya dawo da aiki gida, har na iya liƙa waya da dalma. Kakarmu da ke Maradun kunnenta ya yi nauyi, in aka kira ta a waya sai dai ta yi ta cewa to, to, ba ta ji komai ba. Shi ne na haɗa mata wannan, da lasifika a cikin murfin. Gidan kawu inda take akwai sola da soket, don haka Yaya ya ba ni adafta mai kyau. Ya ce ita ce za ta karɓi wutar soket ta rage ta zuwa bolt tara, ta riƙe ta a nan, ko wutar ta yi sama ko ta yi ƙasa. Ya ja mini kunne cewa in wayoyin nan biyu suka taɓa soket kai tsaye, abin fashewa zai yi.

Aka ce kowa ya sauka. Tsohuwar da muka taho muna cin gyaɗa tare ta matsa can nesa da ni, ta kau da kai. Direba ya rantse bai san ni ba, a tasha na shiga. Daga bayana na ji wani ya ce infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ƙasa-ƙasa, wani ya maimaita. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san abin da ke biyo bayan wannan kalmar, ya kuma san ba a cika tsayawa dogon bincike ba.

Shugabansu dattijo ne mai furfura, daga baya na ji an ce daga Gidan Goga ya taso. Bai ɗaga murya ba, ni kuwa na fi son a ce ya ɗaga.

"Ɗiyata, mine ne wanga?"

Da ƙyar na yi masa bayanin Kaka da kunnenta. Ya tambaye ni ɗiyar wa ce, na faɗa, babu wanda ya san babana a cikinsu. Na ce a kira yayana. Aka ɗaga wayata sama, aka zagaya da ita, babu sabis. Mai gora ya ce ai ko makaho ya san mace ba ta haɗa irin wannan, ba ta aka yi ta kai. Dattijon ya ce in gaskiya ne abin magana ne, to ya yi magana a ji.

Akwai wata rumfar cajin waya a bakin hanya, da ƙaramin janareta. Can aka tasa ni, mai gora na riƙe da gwangwanin nesa da jikinsa kamar ya ɗauko maciji. Mai rumfar ya ce shi kam a rufa masa asiri, wayoyin mutane ne a wurinsa. Dattijon ya sa aka kwashe su, aka bar soket ɗaya.

Ina laluben adaftar a ƙasan jaka, sai na ɗaga kai na ga mai gora ya tsuguna. Ya murza bakin wayoyin nan biyu, ya ciro tsinken ashana, zai cusa su cikin soket yadda kowa ke yi da fanka ko rediyon da kan wayarsa ya karye. A gidanmu ma haka ake yi. Shi a wurinsa wuta wuta ce. Na hango ƙarar da za ta tashi, da hayaƙin, da abin da zai rage mini in faɗa bayan nan.

"Don Allah, Malam, kar ka sa."

Ban san na yi tsalle ba sai da na ji hannuna a kan wuyan hannunsa, ni da ban taɓa riƙe namijin da ba muharramina ba. Wurin ya yamutse. Wani ya ɗaga sanda. Mai gora ya fizge yana cewa kun gani ko, ta san abin da ke ciki.

Na durƙusa gaban dattijon na ɗaga adaftar da hannu biyu. Na ce Baba, wutar soket ta fi ƙarfinsa, kamar a ɗura wa jariri tuwo ne, sai ta bi ta cikin wannan ta ragu. Na ce in ya fashe a hannun wancan, ba ni da sauran shaida. Na roƙe shi ya bar ni in haɗa da kaina, kowa ya matsa, in wani abu ne ni kaɗai zai ci.

Ya karɓi adaftar ya jujjuya ta, ya miƙa wa mai rumfa. Mai rumfa ya ce irin ta caji ce, sai dai ta fi nauyi. Aka miƙo mini.

Suka ja baya har bakin kwalta. Na murɗa ja da ja, baƙa da baƙa, na sake dubawa, don ko launi na daina yarda da idona a kansa. Na yi bismillah na soka. Ƙwan ya kawo ja, na ji takun masu ƙara matsawa. Janaretan ya yi tari, fitilar rumfa ta dushe ta dawo, amma jan ƙwan bai motsa ba. Na haɗa wayata na murɗa maɓalli. Babu komai sai wani gurnani. Na murɗa kuma. Gurnani. Hawaye suka rufe mini ido kafin na gane jijjigar da aka yi masa ta sassauta wayar da ke ɗauko sauti. Na danne ta da ɗan yatsa.

Muryar innata ta cika rumfar, saƙon da ta ɗauka don a kunna wa Kaka. Tana gaishe ta da jiki, tana tambayar ƙafa, tana faɗan an aiko mata da garin kuka duk tsakuwa, wai a gaya wa matar kawu ta ji tsoron Allah. Wani ya yi dariya daga bakin hanya. Ni ban iya ɗaga yatsana ba har saƙon ya ƙare.

Ana kiran la'asar a wani ƙauye can ciki lokacin da dattijon ya tako ya tsaya kaina. Ya daɗe yana kallon gwangwanin.

"Tashi, ɗiyata. Babu laihi gare ki, babu mai taɓa ki. Ki yi muna haƙuri, abin da muka gani ne ya maishe mu haka."

Na ce na gode, na zare adaftar, na naɗe gwangwanin Kaka cikin zanensa.